Yadda ake amfani da "used to" a Turanci ba tare da an haɗa shi da "na saba" ba

Akwai wata jimla da nake yawan cin karo da ita a saƙonnin waya da ma takardun neman aiki, sai ka ga mutum ya rubuta "I use to wake up at five every day" alhali abin da yake nufi shi ne har yau ɗin nan ƙarfe biyar yake tashi, wato ɗabi'arsa ce. Shi kuwa wanda ya tashi da Turanci a bakinsa in ya ji wannan jimla abin da zai ɗauka shi ne a da kana tashi ƙarfe biyar amma yanzu ka daina. Ka ga ke nan ka faɗi kishiyar abin da ke ranka, kuma ba lallai a samu wanda zai tsaya ya gyara maka ba, kawai za a tafi da fahimtar da ba ita ba. Abin yana damuna ƙwarai, don masu yin kuskuren nan ba malalata ba ne, mutane ne masu karatu da ƙoƙari, kawai dai ba a taɓa zaunar da su an warware musu zare da abawa ba.

Ni a ganina tushen matsalar yana cikin kalmarmu ta "saba". Mu a Hausa in mutum ya ce "na saba tashi da wuri" yana iya nufin abin da yake yi kullum ke nan, yana kuma iya nufin abin ya bi jikinsa ba ya masa wahala, kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu kuma ba ma rikicewa. To wani lokaci can a makaranta aka ce mana "used to" shi ne "saba", shi ke nan muka riƙe, duk inda "saba" ta zo mana a rai sai mu jefa "used to". Amma Turanci ya raba kayan nan gida-gida, kuma "used to" ɗin da aka fi ji a hira ma ba sabo yake nufi ba. Fassararsa ta gaskiya ita ce "a da".

Bari mu fara da shi ɗin, don shi ne babba.

In ka sa "used to" sannan kalmar aiki ta biyo baya tsirararta, ba -ing ba -ed ba -s, to kana ba da labarin abin da yake faruwa a da ne wanda yanzu babu shi. "I used to smoke" na nufin a da ina shan taba, kuma ba sai ka ƙara cewa ka daina ba, jimlar da kanta ta riga ta faɗi haka. "She used to live near the school", a da kusa da makaranta take zaune, yanzu ta tashi. "We used to be friends", a da mu abokai ne, wannan kam in aka faɗe ta kowa ya san wani abu ya shiga tsakani ko kuma rayuwa ta raba. "He used to have long hair", a da yana da dogon gashi. Lura fa bai tsaya ga ayyukan da ake maimaitawa kawai ba, har yanayi yana ɗauka, wato zama a wuri, mallakar abu, son abu, sanin mutum, duk yana shiga.

Gwajin da nake ba kowa mai sauƙi ne. Kafin ka rubuta "used to" ka faɗi jimlar da Hausa a ranka, ka sa mata "a da" a farko, ka sa mata "amma yanzu ba haka ba" a ƙarshe. In ta zauna daidai, rubuta abinka. In kuwa ka ji ƙarshen nan ya ƙaryata ka, wato har yanzu kana yin abin, to tsaya, ba wurinsa ba ne. Mai tashi ƙarfe biyar ɗin can da ya yi gwajin nan da tuni ya gane, don ba zai yarda ya ce "amma yanzu ba haka ba".

To me zai ce ke nan? Nan ne mutane da yawa ke mamaki, wai ashe "used to" ba shi da siffar yanzu. Babu wani "I use to go" mai nufin nakan je. Hankali yana ba mutum cewa tunda "used" na da ne ai in an cire d ɗin ya zama na yanzu, kuma gaskiya tunanin ba na banza ba ne, a Turancin ƙarni na 16 da na 17 ana faɗin haka ɗin, daga baya ne siffar ta mutu ta bar ta da ɗin kaɗai. Yau in kana son faɗin ɗabi'arka ta yanzu, kalmar aikin kawai za ka kawo yadda take, "I wake up at five every day", in kana so ka ƙara mata "usually" ko "always" ko "normally". Wato "kan" ɗinmu na "nakan je, yakan zo, sukan kira" shi ne "usually", "I usually go", "he usually comes", "they usually call". Ina zargin ma kamar sautin "usually" da "used to" ne ke ƙara rikita mutane don duk da "yu" suke farawa, amma ɗaya na yau ne ɗaya na jiya.

Sai maganar furuci, wadda ita ce ke jawo kuskuren rubutu. In Bature na magana ba za ka ji d ɗin "used" ba, yana narkewa cikin t ɗin "to", sai abin ya fito kamar "yusta", da s mai kaifi ba z ba. Shi ya sa wanda ya koyi jimlar ta kunne, a fim ko a rediyo, sai ya rubuta "I use to" don abin da ya ji ke nan. A baki ba wanda zai kama ka, a rubuce kuwa d ɗin nan dole ne, "I used to", "they used to", "my father used to". Kuma ba ya canzawa ko wa ake magana a kai, mutum ɗaya ne ko jama'a, mace ko namiji, wannan sauƙi ne babba.

Inda d ɗin ke faɗuwa shi ne in "did" ya shigo, wato wajen tambaya da wajen korewa. Dalili kuwa shi ne "did" ya riga ya ɗauke nauyin nuna cewa abin ya wuce, kamar dai yadda ake cewa "I didn't go" ba "I didn't went" ba. Don haka sai ka ce "Did you use to play football?" wato a da kana buga ƙwallo? Ko "I didn't use to like reading", a da ba na son karatu, ma'ana yanzu ina so. Za ka ga wasu Turawan ma suna rubuta "didn't used to" da d, yana yawo sosai a intanet, amma in jarrabawa ce ko wasiƙar aiki ka tsaya kan "didn't use to", shi ne ba mai ja da kai a kansa. Akwai kuma "I used not to" wanda ake ji a Turancin Ingila na manya da na rubutu, ka san shi don in ka gani kar ya ba ka mamaki, ba sai ka yi amfani da shi ba. Ni wanda na fi so ma shi ne "never", don yana raba ka da duk wannan tunani, "I never used to like reading", d ɗinsa na nan daram kuma haka mutane ke faɗa a hira.

Wasu 'yan jimloli da ya kamata a ce suna bakinka don kullum ana buƙatarsu. "There used to be a tree here", a da akwai bishiya a nan. In aka tambaye ka "Do you still run?" kana iya amsawa da "I used to" kawai ka yi shiru, an gane a da kana yi. "I don't read as much as I used to", ba na karatu kamar da. "It's not what it used to be", abin ba kamar da ba ne. Ka ji yadda "kamar da" ɗinmu ya zauna cif a kan "as I used to", wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa "da" ce fassararsa ba "saba" ba.

Akwai wasu wurare da ba ya shiga ko da abin ya wuce, kuma wannan ko waɗanda suka yi nisa suna tuntuɓe a kai. In ka faɗi tsawon lokacin da abin ya ɗauka, ko ka faɗi sau nawa aka yi, to bar "used to" ka koma shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum. Ba a cewa "I used to live there for 5 years", sai dai "I lived there for 5 years". Ba a cewa "I used to visit him three times", sai "I visited him three times". Haka abin da aka yi sau ɗaya, "I used to finish school in 2015" ba magana ba ce, gama makaranta sau ɗaya ake yi, "I finished school in 2015". Amma "I used to visit him three times a week" daidai ne, don nan ba jimillar zuwan ka ƙirga ba, tsarin zuwan ka faɗa, sau uku duk mako. Ko a Hausa in ka ce "a da ina zuwa wurinsa sau uku" mai sauraro zai jira ka ƙarasa, sau uku a me?

Za ka kuma ji ana sa "would" a irin wannan wuri, musamman in ana tuna yarinta, "When we were children, we would play outside until dark". Yana da daɗi a labari, amma ayyukan da ake maimaitawa kaɗai yake ɗauka, ba ya ɗaukar yanayi, ba za ka ce "I would have a bicycle" da nufin a da ina da keke ba, ma'anar ta sauya gaba ɗaya. Kuma sai ka fara nuna wane zamani kake magana kafin ka kawo shi. In kana shakka ka riƙe "used to", yana shiga duk inda "would" ɗin nan ya shiga.

To yanzu ga ainihin "saba" ɗin.

In kana son cewa abu ya bi jikinka, ba baƙo ba ne a wurinka, ba ya ba ka wahala, sai ka sa am ko is ko are kafin "used to". "I am used to the cold", na saba da sanyi. "She is used to noise", ta saba da hayaniya. "They are used to him", sun saba da shi. Ɗan ƙaramin "am" ɗin nan shi ne ya juya ma'anar baki ɗaya, kuma a hira guntule shi ake yi ya koma "I'm used to", "she's used to", don haka sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi.

Abin da ke ba mutane wuya a nan shi ne in kalmar aiki ce za ta biyo baya dole ta ɗauki -ing. "I am used to waking up early", ba "I am used to wake up early" ba. Ɗalibai da yawa suna jin wannan ya saɓa wa abin da aka koya musu, ai an ce bayan "to" kalmar aiki tsirara take zuwa kamar "to go, to eat, to read", to yaya kuma "to waking"? Amsar tana cikin Hausarmu, kuma da na gano haka sai na ji abin ya sauka mini gaba ɗaya. Wannan "to" ɗin ba irin na "to go" ba ne, aikin "da" yake yi a cikin "saba da". Duba me ke biyo bayan "saba da" a Hausa, suna ne, na saba da sanyi, na saba da hayaniya, na saba da shi. In kuma aiki ne sai mun mayar da shi suna tukuna, na saba da jira, na saba da tafiya, na saba da karatun dare. Ba mai cewa "na saba da na karanta". To -ing ɗin nan shi ne hanyar da Turanci ke mayar da aiki suna, "waiting" jira, "walking" tafiya, "reading" karatu. Abin da harshenka ke yi tun kana yaro shi Turanci ma yake yi, ba wani sabon abu aka ɗora maka ba.

Ga wata dabara in ka rikice. Gwada sa "it" bayan "to" ɗin. "I am used to it" magana ce lafiyayya, na saba da shi, don haka wurin suna ne, -ing za ka sa. "I used to it" kuwa ba magana ba ce, don haka wurin kalmar aiki tsirara ne. Dabarar nan tana maka aiki har a wasu wuraren, misali "I look forward to it" daidai ne, shi ya sa a ƙarshen wasiƙa ake rubuta "I look forward to hearing from you" ba "to hear" ba, kuskuren da ya cika wasiƙun neman aiki.

A wannan gidan d ɗin "used" ba ya faɗuwa ko da wasa, tambaya ce ko korewa, don babu "did" a ciki. "Are you used to the new phone?" ka saba da sabuwar wayar? "I'm not used to sitting all day", ban saba da wuni a zaune ba. Kuma yana tafiya kowane lokaci, "I was used to working at night" wato a lokacin na riga na saba da aikin dare. Ka ajiye waɗannan biyun kusa da juna ka dube su da kyau, "I used to work at night" da "I was used to working at night". Ta farko labari ce kawai, a da ina aikin dare, ba ta ce yana mini daɗi ko wuya ba, ta dai ce na daina. Ta biyu kuwa maganar jiki take yi, aikin daren ba ya wahalar da ni a lokacin. Mutum na iya shekara yana aikin dare bai saba ba, sai ya ce "I used to work at night, but I never got used to it", kuma jimlar nan in ka fahimce ta to ka gama da darasin nan rabi da kwata.

Ga "got" nan ya shigo, bari in faɗi nasa. "Get used to" shi ne hanyar zuwa sabo, wato lokacin da abin ke kan bin jikinka. Wanda aka ba tabarau sabo, kwanakin farko yana jin nauyinsa a hanci, sai ya ce "I'm getting used to my glasses", ina dai sabawa. Bayan wata guda ya ce "I've got used to them" ko a Turancin Amurka "I've gotten used to them", na saba. Wanda abin ya ƙi masa ya ce "I can't get used to wearing them", na kasa sabawa. In kana lallashin wanda ya shiga sabon aiki ko sabuwar makaranta, "You'll get used to it", za ka saba. Wannan jimla ka haddace ta yadda take don tana da amfani matuƙa. Dokarsa ɗaya da ta "be used to", wato mai am ko is ko are ɗin can, suna ko -ing. A rubutu mai nauyi za ka ga "become accustomed to" ko "be accustomed to", duk abu ɗaya ne, kaya ne kawai aka sauya.

Saura guda ɗaya da ke shigowa ya ɓata lissafi, don a ido kamarsu ɗaya sak. "A thermometer is used to measure temperature." Ga "is", ga "used to", ga kuma kalmar aiki tsirara babu -ing, kuma jimlar daidai take. Nan ba sabo ake nufi ba, asalin kalmar "use" ce ta amfani, wato ana amfani da abin wajen auna zafi. Ko a furuci sun bambanta, wannan "yuzd" ake cewa da z, wancan "yust" da s. Yadda za ka gane shi ne ka dubi wanda ake magana a kai, in kayan aiki ne kamar wuƙa ko manhaja ko ɗaki, kuma "ana amfani da shi don" ta zauna a Hausa, to shi ne. Shi ya sa "I am used to work at night" ke da haɗari, don in aka bi ta ƙa'ida cewa ka yi ana amfani da kai wajen aikin dare.

Yadda za ka sa abin nan ya zauna kuwa, karanta bayani kaɗai ba ya yi, sai ka gina jimlolin da rayuwarka. Ɗauki takarda ka tuna kanka shekara 10 baya, ka rubuta abu biyar da kake yi a lokacin waɗanda ka bari, kowanne da "I used to", ka ƙara biyu da "I never used to" na abin da yanzu kake yi amma a da ba ka yi. Sannan ka dubi yau, me ya bi jikinka wanda baƙo zai sha wuya da shi, rubuta da "I'm used to", me kuma kake fama da shi har yanzu, rubuta da "I'm still getting used to". Ka karanta su da ƙarfi, bakinka ya ji bambancin "I used to walk" da "I'm used to walking", don a tsakiyar hira ba ka da lokacin tuna doka, abin da baki ya riƙe shi ke fitowa. Jimlar da ta shafe ka ba ta saurin ɓacewa kamar ta littafi.

Sannan ka buɗe tsofaffin saƙonninka a waya ko imel, ka shiga wurin bincike ka rubuta "use to" ka ga abin da zai fito. Duk wadda ka samu babu "did" ko "didn't" kafinta, ka yi mata gwajin "a da". In abin ya wuce ne ka ƙara mata d. In har yanzu kana yi, goge "use to" ɗin ka sa "usually". In kuwa nufinka abin ba ya maka wahala, sa "am" kafin "use", d a kan "use", -ing a kan aikin. Mai tashi ƙarfe biyar ɗin nan da muka fara da shi, in ɗabi'arsa yake faɗa zai rubuta "I usually wake up at five", in kuma so yake mai ɗaukar aiki ya san fitowar sassafe ba za ta dame shi ba, sai ya rubuta "I am used to waking up at five".